Kafar Iskar da Trevor Ya Toshe

Akwai wani mutum a layin da na zauna shekara goma sha ɗaya a garin Barnsley, sunansa Trevor Sugden. Sana'arsa sayar da tagogi da ƙofofi masu gilashi biyu, irin waɗanda ke hana sanyi shiga gida. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma ya iya shi. Matsalarsa ɗaya ce: tunda ya iya taga, sai ya ɗauka babu abin da bai iya ba.

In likita ya rubuta masa magani, sai ya gyara wa likita. In makanike na duba masa mota, sai ya tsaya a kansa yana koya masa riƙon sifana. A kulob ɗin da yake zuwa ran Juma'a, da ya buɗe baki sai ka ga mutane sun fara duba agogo.

Matarsa Hazel shekarunta sittin da biyu. Ta yi ritaya daga aikin girki a makarantar firamare, mace ce mai sanyin hali, ba ta da abin yi da ya wuce ɗinki. 'Yarsu ɗaya ce, Kerry, tana aure mil shida daga gidan, tana da yarinya 'yar shekara uku mai suna Elsie. Duk Talata da Alhamis Hazel za ta ja ƙaramar motarta ta je ta yini da Elsie, Kerry ta tafi aiki. Waɗannan kwana biyun su ne farin cikinta a mako.

A falonsu akwai tsohon murhun kwal da aka rufe da katako tun da daɗewa. Mahaifin Hazel a ramin kwal ya yi aiki har ya mutu, a gaban wuta ta tashi, kuma takan ce ɗakin da ba a ganin harshen wuta a cikinsa bai cika ɗaki ba. Trevor bai taɓa kula wannan magana ba, sai ranar da ya je auna tagogi a gidan wani lauya ya ga murhun gas na ado, mai buɗaɗɗen gaba, da gawayin ƙarya jere a ciki wuta na lasarsa ba ya cinyewa. A satin ya sayo wanda ya fi na lauyan girma.

Doka ba ta yarda kowa ya jona gas ba sai mai lasisi, don haka dole ya kira ma'aikaci. Ranar aiki wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida, wata mata mai kimanin shekara arba'in da biyar ta sauko da akwatin kayan aiki. Sunanta Bev Holroyd.

Trevor ya leƙa bayanta ya ce, "Ina maigidan naki?"

"Wane maigida?"

"Wanda zai yi aikin mana."

"Shi kake kallo," in ji Bev, ta goge takalminta ta shiga.

Ta sa an share bututun hayaƙi tsaf. Ta kunna ƙwayar hayaƙi a cikin murhun, ta fita waje ta tabbatar yana fita ta saman rufi. Daga nan ta ɗauko injin huda bango ta nufi ƙasan taga.

"Tsaya, tsaya. Me za ki yi wa bangona?"

"Kafar iska. Murhu mai wannan girma sai da ita."

Trevor ya yi dariya. "'Yammata, shekara talatin ina toshe kafofin iska a gidajen mutane. Gidan nan ko ƙuda ba ya samun hanyar shiga. Shi ne za ki zo ki huda min bango?"

"Abin da ya sa kake buƙatarta ke nan, Mista Sugden. Wutar nan numfashi take yi kamar ni da kai. In ba ta sami iska ba, sai ta fara fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Ba za ka san tana ɗakin ba."

"To ban yarda ba."

Bev ta fara mayar da kayanta cikin akwati. "Shi ke nan. Ka nemi wani ya jona maka. Ni dai ba da hannuna ba."

Hazel ce ta ce a hankali, "Trevor, ka bar ta ta yi aikinta mana."

Haka aka huda rami mai faɗin tafin hannu, aka sa masa raga ciki da waje. Bev ta jera gawayin ɗaya bayan ɗaya tana duba zanen da ke cikin littafin murhun, ta ce kada a ƙara, kada a sauya masa wuri, don kowane guda akwai dalilin zamansa a inda yake. Ta ciro wata farar ƙararrawa mai girman sabulu, wadda ke ƙara in ta ji gubar, ta ɗora a kan kantar falon.

"Wannan kyauta ce, Misis Sugden. In ta yi ƙara ki kashe wuta, ki buɗe tagogi, ki fita waje, sannan ki kira ni. Baɗi war haka zan dawo in duba komai."

Ta kunna. Wuta ta tashi a tsakanin gawayin. Hazel ta zauna a kujera tana kallo.

Sati uku bayan nan, wata Alhamis Hazel tana gidan Kerry, Trevor ya zauna a falo ya ji iska mai sanyi tana taɓa masa idon sawu. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin kumfar da suke cike gefen taga da ita, ya ɗura wa ramin har ya cika. Ya cire ragar ciki, ya liƙa kwali, ya bi bangon gaba ɗaya da sabuwar takardar bango. A waje kuwa ya jawo babbar tukunyar fure ya ajiye a gaban ragar. Da Hazel ta dawo ta yaba takardar, ta tambayi kafar, ya ce ya gyara ta yadda ba za ta ɓata ado ba. Ba ta sake tambaya ba. Shekara talatin da takwas na aure sun koya mata inda tambaya ke ƙarewa.

Ya kuma sayo ƙarin gawayi ya tula a kai, don yana son wuta ta fi ta lauya tashi.

Sanyin wannan shekara ya wuce lafiya, don bututun a share yake, yana ja. Da bazara ta shigo hankaki suka yi sheƙa a cikinsa, babu wanda ya lura. Da watan Oktoba ya zagayo Bev ta buga waya.

"Lokacin duba murhu ya yi, Mista Sugden."

"Me ya same shi?"

"Ban sani ba sai na duba."

"Wato fam tamanin zan ba ki ki zo ki hura ƙura ki tafi. Na san irin wannan ciniki, ni ma ɗan kasuwa ne. Murhu lafiyarsa lau." Ya kashe wayar.

Wata Lahadi a watan Nuwamba, Hazel na feraye dankali a kicin, ƙararrawar ta fara ihu a falo. Kafin ta goge hannu Trevor ya riga ya ɗauke ta ya zare batirin.

"Batir ne ya yi sanyi. Kayan kyauta ai haka suke. Zan sayo wani."

Ya kai ta ɗakin ajiyarsa na bayan gida, ya jefa a aljihun tebur.

Daga wannan wata Hazel ta fara ciwon kai. Trevor kan fita tun ƙarfe takwas, ba ya dawowa sai yamma, in ya dawo ma a ɗakin baya yake kallon ƙwallo. Ita kuwa da ta gama wanke-wanke sai ta kunna murhu ta zauna da ɗinkinta. Kafin azahar kanta ya yi nauyi, zuciyarta na tashi, barci na fizgarta. Ta fara manta abin da ta shiga ɗaki ɗauka. Ta ɗinka hannun riga a juye sau biyu.

Ta ce masa, "Trevor, ba na jin daɗin jikina."

"Zaman banza ne. Mutum ya yini a kujera ai dole kai ya yi ciwo."

"Amma in na je gidan Kerry sai in ji ya sake ni."

"Ai na sani. A gidan mutane ki ware, a gidana ki kwanta. Uwarki ma haka ta fara."

Wannan magana ta soke ta, don mahaifiyarta ciwon mantuwa ne ya ɗauke ta. Shekara shida Hazel ta yi tana jinyarta, har ta kai matar ba ta gane 'yar da ta haifa.

A farkon Disamba, wata Talata, ta yi awa biyu a gaban wuta kafin ta fita. Ta ɗauko Elsie za ta kai ta wurin wasan yara, hanyar da ta bi ya fi sau ɗari. A shataletale ta zaga sau uku ba ta san inda za ta fita ba. Ta samu ta shiga filin ajiye motoci na wani babban kanti ta tsaya, ta kifa kai a sitiyari tana kuka, Elsie a baya tana cewa, "Kaka, mun iso?" Nan Kerry ta same su bayan awa ɗaya.

Da yamma Kerry ta zo gidan. Trevor ya tare ta a kicin, bai ko rage murya ba.

"Na daɗe ina gani, ban so in tayar miki da hankali ba ne. Kan uwarki ya fara tafiya. Jiya gishiri ta zuba min a shayi. Kada ki sake bar mata yarinyar nan."

Hazel na falo tana jin komai. Da Kerry ta shigo ta durƙusa a gabanta, kafin ta yi magana Hazel ta miƙa mata makullin mota.

"Karɓi. Ubanki ya yi gaskiya. Da wani abu ya sami Elsie, da ban san inda zan sa kaina ba."

Aka sa Elsie a gidan renon yara. Hazel ta mayar da lasisin tuƙinta da kanta. Talata da Alhamis suka koma kamar sauran ranaku: kujera, murhu, ciwon kai. Kwana biyun da take samun iska mai kyau su ma suka tafi.

Ran Kirsimeti aka taru a falon tun hantsi, murhu na ci, tagogi sun yi gumi. Bayan cin abinci Elsie ta yi amai, mijin Kerry ya ce kansa na sarawa. Trevor ya ture farantinsa.

"Talotalon bai dahu ba. Matar da ta ciyar da yara ɗari uku shekara ashirin, yau ta kasa dafa tsuntsu ɗaya. Za ki kashe mu, Hazel."

Su Kerry suka tafi da wuri. Hazel ta kwashe sauran naman ta zubar a shara, tana ba kowa haƙuri.

A watan Janairu Trevor ya kai ta wurin likita, kuma shi ya amsa yawancin tambayoyin. Likita ya sa musu ranar gwajin ƙwaƙwalwa nan da wata uku. A kulob Trevor ya riƙa ba da labarin irin wahalar da yake sha, mutane na dafa masa kafaɗa suna saya masa abin sha.

Wata Laraba a tsakiyar Fabrairu, Bev ta zo gyaran tukunyar ruwan zafi a gidan da ke maƙwabtaka da su. Tana loda kaya a mota ta ga Hazel ta fito da jakar shara tana dafa bango.

"Misis Sugden, ina wuni?"

Hazel ta dube ta. "Ki yi haƙuri, 'yata. Na san fuskar, amma kaina ba ya riƙe suna yanzu."

"Bev ce, mai murhu. Me ya same ki?"

"Ciwon uwata ne. Tun Nuwamba. Ciwon kai, jiri, mantuwa."

"In kin fita waje fa?"

"Yakan ɗan lafa. Amma ina zan je?"

Bev ta ajiye abin da ke hannunta. "Ki ba ni izini in leƙa falonki minti ɗaya."

Tana buɗe ƙofar falon na'urar gano guba da ke rataye a ƙirjinta ta fara ƙara. Saman murhun ya yi baƙi da kunkunniya, gawayi tule kamar an zuba da shebur, wuta na lilo a kasalance. Ta duba ƙasan taga inda ta huda da hannunta, ta ga furannin takardar bango. Ta kashe murhun, ta bankaɗe tagogi, ta kamo Hazel ta zaunar da ita a motarta ta lulluɓa mata rigar sanyi. Da izinin Hazel ta koma ta yanke gas ɗin murhun, ta rataya masa takardar gargaɗi.

Tana fitowa Trevor na shigowa, ranar ya dawo da wuri.

"Wa ya ba ki izinin shiga gidana?"

"Matarka. Gidanta ne ita ma. Ina kafar da na huda, Mista Sugden?"

Trevor ya dubi bangon, ya dubi tagogin da ke buɗe, ya hango matarsa a cikin mota. Ba wawa ba ne. A wannan daƙiƙa ya gane komai. Da ya faɗi gaskiya a nan, da labarin ya ƙare daban.

Sai ya ce, "Wace kafa? Ba ki huda komai ba."

Bev ta nufi motarta. "Asibiti zan kai ta. In kana so ka biyo mu."

A asibiti aka gwada jinin Hazel aka tarar da gubar a ciki, aka sa mata iskar numfashi. Likitar da ta duba ta ta ce da ta ƙara yini biyu ko uku a wannan ɗaki, ƙila da barcin da take yi a kujera ya zarce. Washegari mai sharar bututu ya fitar da buhu biyu na kirare da gashin tsuntsu.

Da Kerry ta iso tana kuka, Trevor ya riga ya shirya zancensa. "Matar nan ce ta yi aikin banza. Tun ranar na ce ban yarda da ita ba. Ta jona murhu babu kafar iska, babu ƙararrawa, ta karɓi kuɗina ta tafi."

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta a shafin unguwa na intanet cewa wata mai aikin gas ta kusa kashe masa mata, ya sa sunanta da hoton motarta. Ya kai ƙara hukumar da ke ba su lasisi. Cikin sati biyu mutane goma sha ɗaya suka fasa ba Bev aiki. Wani ya rubuta mata zagi da fenti a ƙofar mota. Kerry ta kira ta ta zage ta tas.

Bev ta bari ta gama, sannan ta ce, "Sufeton hukuma zai zo gidan ran Litinin ƙarfe goma. Ki zo ki tsaya ki gani da idonki. Ba ni zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba. Yaya jikin mamanki?"

Hazel na gidan Kerry tun da aka sallame ta, kuma kanta ya fara washewa. Ran Litinin ta ce ita ma za ta je.

Sufeton dattijo ne marar yawan magana. Ya duba takardun aikin da hotunan da Bev ta ɗauka ranar da ta kafa murhun. Ya fita waje ya ture tukunyar fure, ga raga nan a bango. Ya dawo ciki ya ƙwanƙwasa ƙasan taga, ya zaro 'yar wuƙa ya yanke takardar bango. Kwali ya faɗo. A jikinsa akwai tambarin kamfanin tagogin da Trevor ke yi wa aiki, da awon ramin rubuce da fensir. Kerry ta san rubutun, da shi aka sa mata hannu a takardun makaranta tun tana ƙarama. A bayan kwalin ga busasshiyar kumfa ta cika ramin taf.

Sufeto ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce, "Ƙararrawa fa? A takarda an nuna an bar muku ɗaya."

"Ba ta bar komai ba," in ji Trevor.

Hazel ta ce, "Ta bari. Fara ce, a kan kantar nan take. Ta yi ƙara wata Lahadi ina feraye dankali. Ka ce batir ne."

Trevor ya juyo. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ke me kike iya tunawa?"

Kerry ta fita. Minti uku ta dawo daga ɗakin ajiya da ƙararrawar a hannu ɗaya, batirin a ɗaya hannun. Ta mayar da shi, ta danna maɓallin gwaji, ƙara ta cika falon. Ta ajiye ta a gaban mahaifinta.

"Elsie ta yi amai a ɗakin nan, Baba. Ka ce talotalo ne."

Ta kama hannun uwarta suka fita.

Hukuma ta wanke Bev. Kerry ta rubuta gaskiyar abin da ya faru a shafin unguwa da sunanta, ta kuma je har gida ta ba ta haƙuri. Wasu daga cikin masu ba ta aiki sun dawo, wasu ba su dawo ba, don zagi ya fi gyara saurin yaɗuwa. Fentin ƙofar mota da kuɗinta ta goge.

Hazel ta samu sauƙi, amma ba duka ba. Likitoci sun ce gubar ta daɗe tana shiga, akwai abin da ba zai dawo ba. Hannunta na rawa, ba ta iya zura zare a allura. Takan nemi kalma ta rasa. Lasisin tuƙi bai dawo ba.

Bayan wata guda Trevor ya je gidan Kerry da furanni. Hazel ta fito ta same shi a bakin ƙofa, ba ta ce ya shigo ba.

"Hazel, kuskure ne. Kowa na iya yi. An cire murhun, an sake fenti. Ki dawo gida."

"Toshe kafa kuskure ne, Trevor. Na yafe wannan tun ina asibiti."

"To me ya rage?"

"Wata uku ina ce maka ba ni da lafiya, ba ka taɓa tambayata ina ke min ciwo ba. Ka ce min na zama uwata, na yarda. Ka san abin da na yi a watan Janairu? Na zauna na rubuta wa Elsie wasiƙa, don ta karanta ranar da zan dube ta ban san ko wace ce ba. Kwana huɗu ina rubutawa, don kalmomin guduwa suke yi. Kana ɗakin baya kana kallon ƙwallo."

"Ban sani ba."

"Ranar Larabar da Bev ta zo ka sani. Ka sani, ka ɗora wa matar da ta fitar da ni." Ta dubi furannin. "Ka kai wa Bev. Ni na gaji da tsayuwa."

Ta rufe ƙofa a hankali.

An sayar da gidan kafin sanyi ya sake shigowa. Hazel na ɗakin ƙasa a gidan Kerry har yanzu. Ita ke raka Elsie makaranta da ƙafa, yarinyar na riƙe da hannunta tana nuna mata inda za su sha kwana. Trevor na zaune shi kaɗai a wani ƙaramin gida kusa da tasha. Kerry na kiransa ran haihuwarsa da ran Kirsimeti, minti biyar.

Bara na gamu da shi a layin biyan kuɗi a kantin kayan gini. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Wani saurayi da matarsa na gabansa suna duba hoton murhun gas a takardar talla. Trevor ya taɓa kafaɗar saurayin.

"Kada ka sayi wannan abu, ɗana. Shi ya raba ni da matata. Kamata ya yi gwamnati ta hana sayar da su."

Darasi: Wanda ya iya abu ɗaya kada ya ɗauka ya iya komai, ya bar mai sana'a ya yi sana'arsa. In na kusa da kai ya ce ba shi da lafiya, ka tambaye shi ina ke ciwo kafin ka yanke masa hukunci. In kuma ka gane kai ne ka yi ɓarna, ka faɗa tun da zafinta, don ana yafe kuskure, amma ƙaryar da aka rufe shi da ita ba kowa ke iya yafewa ba. Duk mai amfani da gas ko gawayi a cikin ɗaki, kada ya toshe hanyar iska, kada ya raina gargaɗi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba a gaya masa ya ji.